Bunsurun Kawu da Jandarmomin Madarunfa

Na bar tuƙin kamyo, wato babbar motar kaya, a Maraɗi na koma gida a shekarar da mahaifina ya rasu. Ni ne babba a ɗakinmu, ga gona, ga tsohuwa, ga matata da ɗanyen goyo, don haka ban yi dogon tunani ba. Na miƙa wa maigidana makulli, na naɗe tabarmata, na sa permina na izinin tuƙi a aljihu, ina ganin na gama da harkar inji ke nan. Ƙauyenmu yana hayin gulbi, in ka tsaya a bakin gonakinmu da hantsi kana hango hasken ruwan tabkin Madarunfa. Farkon shekarun saba'in ne, ba a daɗe da kawo kumandan mai mulkin yanki da jandarmomi Madarunfa ba.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya hana ni rabuwa da baƙin mai. Ya yi shekaru yana aikin lambu a wata gonar gwaji da wani Bature ya buɗe a bakin tabki. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya sayar wa Kawu da wani ɗan injin noma da ya daɗe a kwance ƙarƙashin rumfar kara, ya haɗa masa da takarda da ya rubuta da hannunsa cewa abin ya zama nasa. Kawu bai san ko ta ina ake tayar da shi ba. Ya dai ce tun ranar da ya fara ganinsa yana kabtar laka a fadama ya ji yana sonsa.

Ƙafa biyu gare shi masu manyan haƙora, injin yana zaune a tsakaninsu. Daga baya hannuwa biyu dogaye suka miƙo suka lanƙwasa, su mutum ke riƙewa yana bin sa a ƙasa in ana huɗa. In an cire garma sai a ɗaura masa rimok, wato ɗan akwatin kaya mai ƙafa biyu, da katako a gaba inda mai tuƙi ke zama. Ba gilashi, ba fitila, ba oda. Matan ƙauye ne suka sa masa suna bunsuru, saboda ƙahonin nan da warin hayaƙi da kuma surutunsa.

Na warware shi a kan tabarma a ƙofar gidan Kawu, na wanke kowane ƙarfe da kalanzir, abin da ya cinye na kai wa wani abokina mai gyaran mota a Maraɗi ya nemo mini madadinsa. Kawu yana zaune a gefe yana miƙo mini abin da ban tambaya ba. Ranar da injin ya tashi, kajin unguwa suka watse, matar Kawu ta fito da muciya a hannu tana tambayar me ya faru. Daga nan muka raba aiki, abin na Kawu ne, tuƙi nawa.

Ya yi mana amfani fiye da yadda na zata. Da bazara ya kai taki gonaki, ya ɗebo tubali daga bakin kududdufi. Da damina ya yi huɗa a fadama inda ƙasa ke da nauyi, da kaka kuma ya kwaso dammunan hatsi da dawa, namu da na maƙwabta. Rairayin da ke kafe kamyo, shi ko a jikinsa, sai dai tafiyarsa ba sauri, mai jaki mai ƙwazo yana iya jerawa da shi. Duk wannan a hanyoyin daji muke yi, ba wanda ya taɓa tambayarmu komai.

Matsala ta zo ranar da muka ɗauki gyaɗa. Wurin awon gyaɗa yana can ɗaya hayin gulbin, a gefen jar hanyar gwamnati da ta fito daga Madarunfa za ta haɗe da ta Maraɗi zuwa Ɗan Issa. Na loda buhuna, Kawu ya hau kan kaya ya harɗe, muka fito daga daji muka hau hanyar. Ba mu yi nisa ba na hango jandarma biyu a inuwar wata kanya. Ɗayansu, saurayi dogo siriri, kakinsa a goge kamar ranar ya karɓo shi, ya fito tsakiyar hanya ya busa usur.

Na tsaya, na kashe inji don mu ji juna. Ya zagaya abin a hankali, sannan ya dawo gabana.

"Permi."

Na ba shi. Ya duba, ya dube ni. "Na babbar mota ne."

"I, ranka ya daɗe. Kamyo nake ja da."

"Kartigiris fa? Asirans?"

Takardun mota ke nan da kowane direba ya sani, ni ma na san su, sai dai ban taɓa kawowa a raina cewa bunsurun Kawu zai buƙace su ba. Kawu ya zaro takardar Bature daga aljihun ƴar shararsa ya miƙo daga saman buhuna. Jandarman ya karanta ya mayar masa.

"Baba, wagga takardar ciniki ce. Ina lambar motar?"

"Ai ba mota ba ce, ɗana," in ji Kawu. "Garma ce."

"Garma ce ke ɗauke da kai da buhunan gyaɗa bisa hanyar gwamnati?"

Kawu ya dubi buhunan da yake zaune a kai. Saurayin bai ɗaga murya ba, bai kuma wulaƙanta mu ba. Ya bar mu muka ƙarasa wurin awo muka sauke kaya, sannan ya hau kekensa ya biyo mu a baya har birgad, inda jandarmomin ke zama.

Shef ɗinsu dattijo ne, mutumin yamma, daga can bakin kogi, Hausarsa tana ɗan karkacewa amma ba ya rasa kalma. Ya sa aka kawo wa Kawu banci, ya gaishe shi da gajiya, sannan ya fito tsakar fili ya tsaya a kan abin, hannuwansa a baya. Saurayin ya ce mota ce, tunda tana da inji, ƙafa huɗu, tana kuma ɗaukar kaya. Abokin aikinsa ya ce a'a, babur ne, ai ga hannuwa nan maimakon sitiyari, kuma ƙafa biyu ne kawai nasa na kansa. Ya ƙara da cewa in babur ne, to permina bai hau kansa ba. A iya zamana na direba ba a taɓa ce mini permina bai isa ba.

Shef ya ce in kwance rimok. Na zare ƙusa, na ja akwatin baya.

"Yanzu mene ne wannan?"

"Garma, ranka ya daɗe," in ji Kawu da sauri.

"Mayar."

Na mayar.

"Yanzu fa?"

Shef ya shiga biro, wato ofishinsa, ya daɗe yana buɗa wani littafi mai kauri, muna jiyo motsin takardun daga waje. Da ya fito ya zauna kusa da Kawu a kan bancin.

"Baba, gaskiya zan gaya maka, ban ga irinsa ba. Ba zan ci ku tara ba, don ban san sunan laifin da zan rubuta ba. Amma ba zan bar shi ya fita ba sai na san ko mene ne. Ku tafi Maraɗi wurin masu ba motoci lamba, su faɗa mana. Abinku yana nan a inuwa, ba mai taɓa shi."

Kawu ya tuɓe rawaninsa ya rufe kan injin saboda raɓa, muka taka da ƙafa zuwa gida.

Ranar Litinin muka tafi Maraɗi, Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a. Biron motoci na san shi tun ina yaron mota, na sha tsayawa layi a barandarsa. Malamin da muka samu ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce mu kawo abin a duba shi, ba a ba mota lamba sai an gan ta. Na ce masa yana tsare a birgad, kuma dalilin tsare shi ke nan, ba shi da izinin hawa hanyar da za ta kawo shi. Ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce in kwatanta masa. Na yi ta kwatance bai gane ba, har sai da muka fita waje na tsuguna na zana masa a ƙasa da tsinke.

"Af, wannan," in ji shi, ya faɗi sunansa da Faransanci. "Ba namu ba ne. Mu abin da aka ƙera don hanya muke ba lamba. Wannan ba fitila, ba birki a rimok, ko na so ba ni da gidan da zan sa shi. Kayan noma ne, ku je sarbis ɗin noma."

A sarbis ɗin, wato ma'aikatar noma, muka tarar da wani mutum mai fara'a da ya san gonar Bature, ya kuma san injin. Da ya ji yana aiki sai ya manta da abin da ya kawo mu. Ya tambaye ni yadda yake yi a laka, yadda yake yi a jigawa, ko yana zafi da rana, ina na samo abin da ya lalace. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutanen da suka tayar da shi. Sai da azahar ta kusa sannan Kawu ya yi gyaran murya ya tuna masa. Nan take ya buga mana takarda cewa wannan abu kayan aikin gona ne, danginsu ɗaya da garmar shanu, ya sa hannu ya buga hatimi.

"To, hanya fa, ranka ya daɗe?" na tambaye shi.

Ya buɗe tafukansa. "Hanya ba tawa ba ce, malam. Ni iyakata bakin gona."

Muka zauna a rumfar wata mai fura kusa da kasuwa muna jiran mota. Ni raina a ɓace yake, don na saba in na fito da mota na san matsayina, ko ina da gaskiya ko ba ni da ita. Kawu kuwa yana shan furarsa a natse.

"Ka lura kowa ya yi mana kirki?" ya ce.

"Kirkin bai ba mu hanya ba, Kawu."

"Bai ba mu ba. Amma jiya ba mu da hatimi, yau muna da shi. Sha furarka."

Washegari Shef ya karanta takardar yana motsa leɓe, ya ninke ta yadda take, ya mayar wa Kawu.

"Ta ce kayan gona ne. Na yarda. Ku ɗauki abinku. Amma kayan gona a gona yake zama, Baba, ba a hanyata ba."

Kawu ya ce akwai gonakin da ke wancan gefen hanya, wurin awo ma can yake, kuma mutane sun fara sabawa da a kai musu kaya gari. Shef ya shafa furfurar kansa.

"Shanu ma suna ƙetare hanya, ba wanda ya tambaye su lamba. Ku ƙetara, amma kada ku bi ta."

"Allah ya ja zamaninka. To, in mutum ya ƙetara a ɗan karkace fa?"

Shef ya yi dariya har ya buga cinya. "Baba, karkacewar da ta kai ka har Madarunfa ba ƙetarawa ba ce."

Saurayin jandarman yana tsaye a bakin ƙofa, shi bai yi dariya ba. Da nake naɗa igiyar tayar da inji sai ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Kai direba ne, ka san abin da nike gudu. Kamyo ya taho da lodi, ƙura ta rufe mai ido, ga ka gabansa kana tafiyar jaki, ba fitila. Na taɓa kwasar mutane a hanyar Maraɗi, amalanke ne aka hau da magariba. Abin da Shef ya faɗi shi zan riƙe, kai ma ka riƙe shi."

Na san gaskiya ya faɗa. Ni kaina na sha taka birki a kan abin da ban hango ba sai da na zo daf da shi.

Tunda an hana mu hanyar gwamnati, sai mu nemi tamu. Daga ƙauyenmu zuwa gulbi dole mu bi gefen gonakin mutane, mu jera da babbar hanyar daga nesa. Da rani ba damuwa, gonaki a buɗe suke, amma in an yi shuka sai da yardar masu su. Kawu ya sayi goro ya bi gida gida. Yawancinsu ba su yi musu ba, don sun san bunsurun zai ɗauki nasu kayan.

Gona mafi girma a tsakiya ta wani tsoho ce da bai bar addinin kakanninsa ba. Ba ya salla, shi da iyalinsa, kuma a duk yankin ba wanda ya kai shi yawan rumbu. Sa'an Kawu ne, tare suka yi kiwon awaki, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Muka same shi a rumfarsa yana ɗaure ƙotar hauya. Ya ja ƙwaryar giyarsa ya tura bayan turmi saboda Kawu, ya sa aka dama mana fura.

"Na ji an kore ka daga hanyar gwamnati," ya ce wa Kawu. "Kai da kake cewa da kai da kumandan Ubangijinku guda."

"Ubangiji guda, hanya daban," in ji Kawu. "Shi ya sa na zo roƙon taka."

Tsohon ya ce ya ba mu, amma da sharaɗi. A gefen gonar akwai wata babbar tsamiya inda gidansu ke yin abin da suke yi kafin shuka da bayan girbi. Bai yarda ƙarfe mai hayaniya ya bi ƙarƙashinta ba. Ya ce ba don kansa ba, masu wurin ne ba sa son a dame su. Kawu bai yi masa wa'azi ba, ya ce ya nuna mana inda ya ga dama. Tsohon ya tashi ya shiga gaba yana jan hauya a ƙasa, ni ina biye da inji a kan layin da ya ja, muka yi wa tsamiyar babban zagaye muka dawo gefen gona. Na ce ya hau in mayar da shi gida, ya ce ƙafafunsa ba su gaya masa sun gaji ba.

Kafin shekara ta zagayo, sawun tayoyin ya zama turba. Masu amalanken jaki suka koma bin ta, mata masu zuwa kasuwa ma haka, don ba ƙurar kamyo, ba fargaba. In baƙo ya tambayi hanya sai a ce masa ya bi ta bunsuru.

Abu ɗaya ne turbar ba ta iya ba, shi ne gulbi. Da rani rairayi ne, in bi ta ciki in haye. In damina ta yi nisa kuwa ruwa yakan cika shi, ba mahaya sai ƴar gadar da ke kan hanyar gwamnati. Don haka da marka ba na zuwa gari, aikin fadama ma ya ishe ni.

Wata safiya a tsakiyar marka sai ga ƴaƴan tsohon nan su biyu a ƙofar gidana. Hauya ta sari babansu a ƙafa wajen noma, an yi na gida an gaji, ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinsa kamar wuta. Da ƙyar ya yarda a kai shi likita. Muka shimfiɗa ciyawa da tabarma a rimok, aka kwantar da shi, babban ɗan ya ɗora kansa a cinya. Kawu ya ce ba za a tafi ba shi ba. Na bi turba a hankali ina kauce wa ramuka, na yi wa tsamiya zagayenta duk da saurin da nake yi, har muka iso gulbi. Ruwa ja wur, ya cika baki da baki, yana tafe da rassan itace. Na karkata na nufi gada.

Saurayin jandarman na tarar a can. An sa shi gadin gadar ne saboda ruwa ya kusa taɓa ta, yana hana manyan motoci hawa. Na tsaya a ƙasa ban hau hanya ba, na sauka na je na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da mu. Ya sauko ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar da shi, ya duba, ya mayar a hankali.

"Gada hanya ce," ya ce. "In ka hau ta bi ne, ba ƙetarawa ba."

Na ji zuciyata ta taso, na buɗe baki, sai Kawu ya dafa mini hannu. Saurayin yana tsaye yana kallon gadar, yana kallon rimok. Can ya juyo.

"Kashe inji. Kwance akwatin."

Na yi yadda ya ce.

"Wanga yanzu amalanken hannu ne, ba dokar da ta hana shi hanya. Ku kama."

Ƙaramin ɗan da Kawu suka kama gaba, babban ya sauko ya kama gefe, jandarman ya rataye bindigarsa a baya ya sa hannu biyu yana turawa. Hawan bakin hanyar akwai santsi, takalmansa suka nutse a caɓi, kakin nan da kullum yake a goge ya ɓaci har gwiwa. Suka hau gada suna tafiya sannu sannu, ruwa yana kurma ihu a ƙarƙashinsu. Babban ɗan ya gaya mini daga baya cewa a tsakiyar gadar tsohon ya buɗe ido ya tambaya me ya sa inji ya yi shiru. Aka ce masa ruwa ake hayewa. Ya ce an kyauta, ruwa ba ya son hayaniya, ya mayar da ido ya rufe.

Jandarman ya dawo shi kaɗai ya tsaya a kaina.

"Shi kuma wanga, in ba ya ci da wuta, kaya ne ake turawa. Tura."

Na cire giya na kama ƙahonin na tura shi kamar baro. Nauyi gare shi fiye da yadda ido ke gani, sai da ya kama mini ƙaho ɗaya muka hau. A can hayi muka gangara ƙasa, na ɗaura rimok, na ja igiya. Kawu ya tsaya zai yi masa godiya mai tsawo, ya katse shi ya ce mu yi sauri, likita yana fita zagaye in hantsi ya yi.

Tsohon ya daɗe a kwance a gidan likita. An tsaga ƙafar an wanke, an yi ta yi masa allura, babban yatsan dai bai tsira ba. Da aka sallame shi ya ƙi hawa komai, ya tako da sanda har gida, yana hutawa a inuwa. Da kaka ya aiko ƴaƴansa da dammunan hatsi gidana da gidan Kawu, ya kuma ce a kai wa jandarman zabi biyu. Jandarman ya ce a mayar, aikinsa ya yi. Tsohon ya ce shi abin da ya fita gidansa ba ya komawa, aka yi ta kai da kawo har Shef ya ji, ya ce a kai zabin gidan likita a dafa wa marasa lafiya.

Tun daga ranar haka muke haye gadar in ruwa ya zo, a kwance, a tura, a ɗaura. Sauran jandarmomin suka karɓi abin kamar a rubuce yake. Ko ba kowa a wurin, Kawu ba ya yarda in haye da inji a kunne, wani lokaci ina gunaguni ina turawa, shi yana gaba yana jan akwati.

Daga baya aka ɗauke Shef aka kai shi wani gari, ba a jima ba saurayin ma aka canza masa wuri. Ban san ranar tafiyarsa ba, sai dai na daina ganinsa a gindin kanya. Wanda ya gaji Shef ya tarar da mu a turbarmu, bai taɓa kiranmu ba.

Sai shekarun fari suka shigo. Gyaɗa ta ƙi, aka daina awo, kayan ɗauka suka yi ƙaranci. Tayoyin bunsuru suka suɗe har zare ya fito, na nema a Maraɗi na aika Katsina, ba irinsu. Na yi faci har ba wurin yin faci. A ƙarshe na shawo kan Kawu muka cire injin daga kan ƙafafunsa, muka girke shi a kan gungumen itace a bakin tabki, na haɗa shi da wani tsohon famfo da bel, muka yi lambu a wurin. Rimok ɗin muka yi masa doguwar sanda, wani maƙwabci mai shanu ya riƙa ja.

A shekarun nan da hatsi ya yi wuya, lambun ne ya riƙe gidajenmu. Muka shuka albasa da tumatir da kabewa, matata tana kai wa kasuwa. Maƙwabta suka ja kwalbatoci daga wurinmu zuwa nasu fangalin, Kawu ne mai rabon ruwa, yana zaune a kan buzu da sanda a hannu yana nuna wanda za a buɗe wa. Wani mutumin Safo da ya zo neman aiki ya kwana biyu a wurinmu, shi ya koya mini auren mangwaro, yadda ake fere reshe a tsaga uwar a ɗaure da tsumma. Na farkon da na yi duk suka bushe. Ya ce hannuna ya saba da ƙarfe, ina matsewa da yawa. Na sake gwadawa a gefen lambun, na sassauta ɗaurin, guda uku suka kama.